Rumfar katako da kwano: Yadda ake samun inuwa mai sanyi a zafin Abuja

A watan Maris, lokacin da zafin Abuja kan doshi digiri 40, ma'aikacin da ya baro Sakatariyar Tarayya ya sha cunkoson hanyar Kubwa ko ta Nyanya ba abin da yake marmari kamar inuwa. Sai dai magidanta da dama da suka kafa rumfar kwano a ƙofar falo sun tarar ba ta zaunuwa sai bayan magariba. Rana ba ta taɓa mutum, amma gumi na karyo masa kamar yana bakin murhu.

Batun ya shafi aljihu. Tun da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kan kowane kilowat a Afrilun 2024, kunna na'urar sanyaya ɗaki ya zama abin lissafi. Rumfar da aka gina bisa ƙa'ida tana ba iyali wurin shan iska, tana kuma kare bango da taga daga rana, ɗakin ciki ma ya samu sauƙi.

Tushen matsalar shi ne kwano mai duhun launi kan haura digiri 60 da tsakar rana, sannan ya riƙa feso wannan zafi a kan wanda ke ƙarƙashinsa. Saboda haka gyara yana farawa ne daga launi. Fari ko ruwan toka mai haske yana mayar da kaso mai yawa na hasken rana sama, baƙi da ruwan ƙasa kuwa shanye shi suke yi, komai kyansu a ido.

Na biyu shi ne shamaki. A shimfiɗa takardar alminiyom mai ƙyalli a ƙarƙashin kwanon, a bar mata 'yar tazara, domin idan ta manne ta kowane ɓangare amfaninta ya ragu ƙwarai. Daga nan a buga silin na katako ko na roba. Wanda kuɗinsa bai kai ba yana iya ɗaura asabari ko zana, dabarar da rumfunan karkara suka daɗe da ita, muddin ba a kusa da wurin girki ba ne.

Na uku shi ne hanyar iska. Iska mai zafi sama take tashi, idan ba ta samu mafita ba sai ta taru a ƙarƙashin rufi. A bar kafa tsakanin silin da kwano a gefen ƙasa da kuma gefen sama inda rumfar ta haɗu da bango, a rufe ta da raga saboda tsuntsaye da ƙadangaru. Tsayin rumfar kuma ya kusanci mita 3, domin gwargwadon nisan kwano daga kan mutum, gwargwadon sauƙin da zai ji. Idan ta fuskanci yamma, rufi kaɗai ba zai tare ranar la'asar ba. Sai an rataya asabari a gefe ko an dasa itace.

Katako ma yana da nasa sharuɗɗa. A kasuwar Dei-Dei ana samun loko da maɗaci, masu jure ruwa da rana, waɗanda suka dace da ginshiƙi mai inci 4 a kowane gefe. A nemi busasshe, domin ɗanye yana lanƙwashewa bayan an buga shi. A shafe shi da maganin gara kafin a haɗa, kuma kada a binne gindinsa cikin ƙasa. A ɗora shi a kan takalmin ƙarfe da aka dasa a cikin kankare, yadda damshi ba zai ci shi ba.

Sai kuma iskar farkon damina, wadda kan yaye rufi a Afrilu da Mayu. Rumfa a buɗe take, iska na shiga ta ƙasa ta ɗaga ta. Ƙusa kaɗai ba ta isa ba. A ɗaure katakan rufi da ginshiƙai da ƙarfe da noti, a kafe kwanon da sukurori masu roba, a kuma ba shi gangara da indararo don ruwa ya yi nesa da harsashin gida.

Akwai kuma hukuma. A Babban Birnin Tarayya, ƙari a jikin gini na buƙatar amincewar sashen kula da tsarin gine-gine, kuma rumfar da ta shiga hurumin titi ko ta hau magudanar ruwa tana iya gamuwa da jan fenti, daga baya rusau. Ɗan haya kuwa ya nemi izinin mai gida a rubuce.

Duk waɗannan sai an daddale su da kafinta tun kafin a sayi katako. Bayan an buga kwano, ƙara tsayin ginshiƙi ko sauya launi na nufin biyan kuɗin aiki sau biyu.