Tsofaffin Ɗalibai Na Shirin Haɗuwa: Me Za Su Kai Wa Makarantunsu Ban Da Hirar Kaboyi?

Da zarar damina ta ɗauke, manoma suka shiga girbi, iskar hunturu ta soma kaɗawa, to lokacin ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ya yi. A hutun ƙarshen shekara ne ake samun kowa, saboda haka tun daga watan Oktoba 'yan kwamiti ke fara kai da kawowa: a tsayar da rana, a yanke kuɗin karo-karo, a zaɓi yadin anko, a nemi babban baƙo, a kuma tattara sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya domin a yi musu addu'a. A da, sakatare kan buga takardar gayyata a keken rubutu ya jefa a gidan waya. Yanzu kuwa a WhatsApp ake ƙare magana.

Amma duk wanda ya taɓa zama da dattawan da suka yi sakandare tsakanin 1965 da 1985 ya san yadda irin wannan zama ke ƙarewa. Ana cikin lissafin kuɗin shinkafa da raguna, sai wani ya kira wani da sunan da aka laƙaba masa a makaranta, Jango ko Sherif, shi ke nan an bar lissafi an koma hirar fim ɗin kaboyi. Mutum mai furfura, mai jikoki, sai ka ga ya miƙe yana nuna yadda jarumi ke zare libarba daga ƙugu.

GARI A BAKIN HANYA

Tungan Maje wuri ne da ya dace a duba wannan al'amari. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, a bakin babbar hanyar da ta tashi daga Zuba ta nufi Gwagwalada da Lakwaja. Kafin 3 ga Fabrairu, 1976, ranar da Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Babban Birnin Tarayya da doka, wannan yanki ƙasar noma ce. Bayan da aka dawo da mazaunin gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991, sai jama'a suka yi ta kwararowa, waɗanda tsadar haya ta hana zama cikin birni suka sauka a garuruwa irin su Zuba da Tungan Maje da Gwagwalada. Cikinsu har da ma'aikatan da suka yi ritaya, waɗanda suka yi karatu a Zariya, Kano, Keffi, Bida ko Sakkwato.

Watau dai a gari ɗaya ana samun tsara biyu. Akwai dattawan da suka fito daga tsofaffin kwalejojin kwana na Jihar Arewa, akwai kuma matasan da suka gama makarantar sakandaren gwamnati ta Tungan Maje ita kanta, waɗanda ba su san talbijin mai baƙi-da-fari ba sai dai a labari. Dukkansu suna da makarantar da ta raine su, dukkansu kuma wata rana za a kira su taro.

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai sun daɗe a Arewa. Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce ta yaye Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato da Janar Yakubu Gowon da Janar Murtala Muhammed da Alhaji Shehu Shagari. Ƙungiyar ɗalibanta, BOBA, ta yi bikin cikar makarantar shekara 100 a 2021. Kwalejin Rumfa ta Kano, wadda ta samo asali a 1927, tana da RUMFOBA. A Kwalejin Gwamnati ta Bida kuwa Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar suka yi karatu tare.

AKWATI ƊAYA, ƊALIBAI ƊARURUWA

Talbijin ya shigo Nijeriya ne ranar 31 ga Oktoba, 1959, da aka buɗe tashar Jihar Yamma a Ibadan. A 1962 Gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan Rediyo da Talbijin na Kaduna. Mai launi bai zo ba sai 1975, a tashar Jos, kuma a 1977 Gwamnatin Tarayya ta haɗe tashoshin ƙasar duka a ƙarƙashin hukuma ɗaya, watau NTA. Akwatin talbijin kansa bai yawaita a gidajen ma'aikata ba sai bayan da aka biya ƙarin albashin Udoji a 1975.

A wancan zamani sai da yamma ake buɗe tasha, kafin dare ya raba a rufe da taken ƙasa. Shirya wasa a gida yana cin kuɗi da kayan aiki, sayen wanda aka riga aka yi a Amurka ko Ingila kuwa ya fi araha nesa ba kusa ba. Ta wannan ƙofa ce kaboyi ya shigo da dokinsa. Wanda ya fi zama a zukatan mutane shi ne Bonanza, labarin dattijo Ben Cartwright da 'ya'yansa maza uku, Adam da Hoss da Little Joe, a gandunsu na Ponderosa cikin jihar Nebada. An yi shekara 14 ana shirya shi, daga 1959 zuwa 1973. A Amurka ɗin, Gunsmoke ya fi shi tsawon rai, domin ya kai shekara 20, daga 1955 zuwa 1975, Rawhide kuma shi ne ya fara fito da Clint Eastwood.

Makarantar da Allah Ya hore wa akwati, guda ɗaya ne tak, a babban ɗakin taro ko ɗakin cin abinci. Wadda ba ta da shi sai ta dogara da majigi daren Asabar. Manyan ɗalibai su kama benci, 'yan aji ɗaya su zube a ƙasa, a tura wani ya juya eriya har hoto ya daidaita. In NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar artabu, ihun da za a yi sai an ji shi a gidajen malamai. A lokacin hutu kuma a ɗora da silima: a Kano akwai Rex da Plaza da Palace da Eldorado, inda aka san Django, fim ɗin Italiya na 1966 wanda Franco Nero ya fito a ciki. Daga nan ne sunan Jango ya bazu a unguwanni.

Ba abin mamaki ba ne da yaron Arewa ya ɗauki kaboyi kamar ɗan uwa. Ya tashi yana ganin Hawan Salla, ya san sirdi da linzami da likkafa, ya san darajar wanda ya iya sukuwa. Ya san garken shanu da ƙurar da yake tayarwa, ya san malafa. Turancin fim ɗin ma ba lalle ne ya gane shi duka ba, domin labarin a fili yake: ga jarumi, ga bos, ga wanda aka zalunta, kuma kafin a tashi gaskiya za ta yi halinta.

Abin bai tsaya a Nijeriya ba. A Jamhuriyar Nijar, marigayi Moustapha Alassane ya shirya fim a 1966 mai suna Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi garinsu. Tun a lokacin ke nan an sami mai hangen nesa da ya lura kwaikwayo yana iya zama fitina.

ABIN DA FIM BAI NUNA BA

Yanzu da ɗaliban jiya suka zama dattawa, ya kamata hirar ta wuce wane ne ya fi saurin harbi. Kaboyi na gaskiya makiyayi ne ɗan ƙwadago, mai albashin dala 25 zuwa 40 a wata, wanda ke kora shanu daga Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa wajen ɗaya cikin huɗu na waɗannan makiyaya baƙar fata ne, wasu da yawa kuma 'yan Meksiko, amma da wuya ka gan su a matsayin jarumai a akwati. 'Yan asalin ƙasar, waɗanda ake ce wa Jajayen Indiyawa, da yaranmu kan yi tafi idan an harbo su daga kan doki, mutane ne da aka ƙwace wa ƙasar kakanninsu. Ɗan Afirka da ya san mulkin mallaka ya fi kowa cancantar gane wannan.

Zamanin korar shanun ma bai wuce shekara 20 da 'yan kai ba. Jirgin ƙasa ya isa ko'ina, waya mai ƙaya wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874 ta killace filaye, hanyoyin shanu suka toshe. Rigimar ƙasa da ruwa ta yi tsanani har a 1892 manyan masu shanu a jihar Wayomin suka yi hayar 'yan bindiga daga Teksas don su far wa ƙananan mazauna. Mai karatu zai ga labarin bai yi mana nisa ba. Dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa tun 1965 aka yi ta, kuma a Ƙaramar Hukumar Gwagwalada kanta akwai makiyayar Paikon Kore, amma zancen burtali da gona har yau bai mutu ba a ƙasar nan.

Kaboyi dai bai daɗe yana sarauta ba. Fina-finan Indiya sun fi shi kasuwa a silima, na Sin suka biyo baya, a talbijin kuma Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi da wasannin marigayi Ƙasimu Yero suka nuna cewa mutanenmu sun fi son su ji harshensu. Da aka yi Turmin Danya a Kano a 1990, sai sabon babi ya buɗe.

BASHIN DA KE WUYA

In aka duba da kyau, abin da dattawan nan ke bege ya fi Ben Cartwright girma. Ɗakin taron suke tunawa, inda ɗan sarki da ɗan manomi da ɗan leburan reluwe suka zauna kafaɗa da kafaɗa, suka ci gabza ɗaya, Musulmi da Kirista, daga lardi daban-daban. Gwamnati ce ta ciyar da su, ta ba su littattafai da tufafi, iyayen da yawa daga cikinsu ba su da halin biyan ko sisi. Duk muƙamin da suka riƙe daga baya, a wannan ɗaki aka dasa shi.

To, yaya makarantun gwamnati suke a yau? Yawancin waɗanda suka amfana da su ba sa kai nasu 'ya'yan can, kuma wannan kaɗai ya isa shaida. Bindigar da a da take cikin akwati, ana kashewa a je a kwanta lafiya, ta fito fili. A Disamba 2020 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Jihar Katsina. A Fabrairu 2021 suka shiga Kwalejin Kimiyya ta Kagara a Jihar Neja. A Yuli 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umurnin rufe Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Kwali saboda barazanar tsaro, Kwali kuwa maƙwabciyar Gwagwalada ce. Waɗannan mahara a kan babura suke zuwa, kuma babu wani sherif mai tauraro a ƙirji da zai ɓullo kafin a tashi.

Saboda haka kwamitin da ke shirin taro bana zai kyauta in ya sa wasu abubuwa a gaba. Na farko, a yi taron a harabar makarantar, kada a kai shi otal, kuma kafin a zauna cin abinci a zaga ɗakunan kwana da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya da bayan gida da rijiya, kowa ya gani da idonsa, domin gani ya kori ji. Na biyu, a tambayi shugaban makaranta da malamai abin da ya fi damunsu kafin a yanke aikin da za a yi, kada a gina ƙofa mai ƙyalli alhali rufin aji yana yoyo. Na uku, abin da za a kashe a anko da kalanda a rage shi, a biya wa 'ya'yan marasa hali kuɗin jarrabawar WAEC da NECO. Na huɗu, ma'aji ya karanta lissafi a bainar jama'a, kwabo da kwabo, domin rashin yarda kan kuɗi shi ne ke kashe yawancin ƙungiyoyi.

Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ba za ta iya ɗauke wa gwamnati nauyinta ba, bai ma kamata ta gwada ba. Amma a cikin kowace ƙungiya akwai waɗanda ake jin maganarsu a ma'aikatu da majalisu. Takarda ɗaya mai ɗauke da sa hannunsu, a kan katanga ko ƙarancin malamai, ta fi jawabi goma a ranar biki.

Su kuma matasan da suka fito daga makarantu irin ta Tungan Maje, kada su jira sai sun yi furfura ko sun zama manyan sakatarori. Da sanyin safiya ake kama fara. Mai koyar da lissafi ranar Asabar kyauta, da kafintan da ya gyara benci biyar, su ma sun biya wani abu daga cikin bashin.

Hirar kaboyi kuwa ba laifi ba ce, a yi ta har a ƙoshi. In da hali ma a nemo Bonanza guda ɗaya a haska wa ɗaliban yanzu a ɗakin taro, dattawa su zauna tare da su, bayan an gama a gaya musu wane ne kaboyi na gaskiya da abin da ya sami masu ƙasar. Allah Ya jiƙan malaman da suka koyar da mu, Ya kare 'ya'yanmu a makarantunsu, Ya kuma sa a yi taro lafiya a tashi lafiya.