Hutun da zuciya ke yi tsakanin bugu da bugu

A fadamun rake na Kudan, lokacin sara, dubi mai ɗaukar dami bayan ya kai kaya bakin mota. Ɗazu yana zaune yana shan koko, zuciyarsa na bugawa wajen sau 70 a minti. Yanzu ta kusa ninka haka, jijiyar wuyansa na harbawa ana gani.

Kowane bugu kashi biyu ne: zuciya ta matse ta tura jini, sannan ta saki ta cika. Ga lafiyayyen baligi mai bugu 75 a minti, zagaye ɗaya kan ci daƙiƙa 0.8, kusan 0.3 a matsewa, 0.5 a sakewa. Idan aiki ya yi zafi, matsewar kaɗan take raguwa. Lokacin sakewa ne ake zaftarewa. To, a wannan ɗan taƙi ne naman zuciyar kanta ke samun yawancin jinin da yake rayuwa da shi.

Wani ɗan ƙulli ne a saman ɓangaren dama na zuciya ke ba da umarnin bugu. A zaune, jijiyar vagus ce ke riƙe masa linzami. Da an miƙe aiki sai ta sassauta, sinadarin adrenalin ya sa masa ƙaimi, tsokar ƙafafu kuma ta riƙa matso jini sama. Lita 5 da zuciya ke turawa a minti sai ta kai 20.

Shekaru na rage iyakar gudunta: likitoci kan cire shekarun mutum daga 220 su sami ƙiyasi. Zafin rana da ƙishirwa na ƙara mata sauri, domin gumi na rage ruwan jini. Mai ban-ruwan tumatir a Ikara ya san wannan a jikinsa. Goro da shayi mai kauri ma kan ɗan zaburar da ita. Sabo da aiki kuwa sanyaya ta yake yi: wanda ya shekara yana tuƙa keke da kaya zuwa kasuwar Makarfi, bugunsa a zaune na iya sauka ƙasa da 60, domin bugu ɗaya nasa ya fi ɗebo jini.

Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ka ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka. Ka gwada da zarar ka sauke kaya, ka sake bayan minti ɗaya. Gwargwadon saurin saukar adadin, gwargwadon yadda zuciyarka ta iya karɓo hutun da aiki ya ranta.