Idan kwamfuta ta ce a yi wa filashi "formater", a dakata tukuna

Duk mai aiki da kwamfuta a Ɗan Kassari, malamin makaranta ne da ke buga sakamakon jarrabawa, ko mai rubuta takardun haihuwa, ko saurayin nan na bakin kasuwa da ke tura wa mutane wa'azi da finafinai a memori, wata rana sai ya gamu da wannan: ka soka filashi, maimakon ta buɗe sai kwamfuta ta ce dole a yi mata "formater" kafin a yi amfani da ita. Ko ka danna folda, a ce maka ta lalace, ba ta karantuwa. Mutane da yawa sukan amince nan take don saƙon ya gushe. To, galibi a daidai wannan lokacin kayanka suna nan daram. Amincewar ce take fara jawo asara.

Ku ɗauki bankin cimaka na gari. Buhunan hatsi suna jibge a ɗaki, mai kula kuma yana da littafin da ya rubuta buhun wane, a wane lungu yake. In ruwa ya jiƙa littafin, buhu ko ɗaya bai ɓata ba, sanin mai shi ne ya gagara. Kowace filashi, kowane memori, kowane faifan ajiya na cikin kwamfuta yana da irin wannan littafi. A ƙananan filashi da memori sunansa FAT32, wanda Microsoft ya fito da shi tun 1996. Memorin da ya haura giga 32 yakan zo da exFAT, faifan da Windows ke zaune a kai kuma NTFS ne. NTFS yakan rubuta abin da zai yi kafin ya yi, shi ya sa in wuta ta ɗauke yakan gyara kansa. FAT32 da exFAT ba su da wannan dabara, kuma su ne a aljihun kowa.

Babban abin da ke lalata littafin shi ne a katse kwamfuta tana tsakiyar rubutu. Wuta ta ɗauke, man janareta ya ƙare, batirin sola ya sauka da magariba, ko mai gaggawa ya fizge filashi don mai babur yana jiransa. Mu a yammacin Nijar ba sai an ba mu labarin ɗaukewar wuta ba. Har zuwa 2023, kaso mafi tsoka na wutar kamfanin NIGELEC daga Najeriya yake shigowa ta layin Birnin Kebbi, kuma kowa ya ga yadda aka sha wuya lokacin da aka yanke ta a watan Agustan 2023, sai a Maris ɗin 2024 ta dawo. Kwamfutar teburi da ba ta da na'urar riƙe wuta, wadda masu sayarwa ke kira onduleur, kullum a bakin rami take. Ita ta cinya batirinta yana kare ta, in dai batirin na da rai, kuma mun san yawancin na hannu da ake kawo mana ba su da shi. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu su ma suna cin rabonsu, musamman a bakin da ake soka filashi.

Kafin magani, a gane cutar, domin abubuwa daban-daban suna kama da juna. Idan foldojinka sun koma masu 'yar kibiya a gindi, ko filashin ta nuna a cike take amma ba ka ganin komai, wannan aikin birus ne da ke ɓoye kaya, kuma a wurin masu tura waƙoƙi ake yawan kwaso shi. Kada ka danna masu kibiyar. A wanke filashin da maganin birus, sannan a buɗe baƙin allon nan na cmd a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* in harafin filashin E ne, sai kayan su bayyana. Idan kuwa sunayen fayiloli sun rikiɗe sun zama wasu alamomi marasa ma'ana, ko kwamfuta ta nuna filashin a matsayin RAW, littafin ne ya taɓu. Mafi muni shi ne faifan kwamfuta ya riƙa ƙas-ƙas, ko aiki ya yi ta tsayawa, ko filashi ta riƙa ɓacewa tana dawowa. Nan jikin na'urar ne ke mutuwa, kuma duk minti ɗaya da ta yi a kunne yana rage abin da za a iya tsamowa. Manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce, takan nuna lafiyar faifai da launi: shuɗi lafiya, rawaya a yi hattara, ja a kwashe kaya yanzu.

Ƙa'ida ta farko, kada a ƙara zuba komai a kan abin da ya lalace. Ko hoto ɗaya. Sabon abu yana iya hawa kan tsohon da kake nema, kuma abin da aka hau kansa ya tafi ke nan. A gwada filashin a wani baki da wata kwamfuta, don wani lokaci bakin ne ya yi datti. Duk abin da ya yarda ya buɗe, a kwafe shi zuwa wani wuri, a fara da mafi muhimmanci. Ban ga amfanin mutum ya ɓata awa guda yana kwafar finafinan da ke hannun kowa ba alhali takardun fili da hotunan biki suna jira.

Abin da ya ƙi buɗewa, akwai TestDisk da PhotoRec, manhajoji biyu na kyauta da wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya rubuta. TestDisk yakan gyara littafin ko ya ba ka damar kwashe fayiloli da sunayensu. Shi PhotoRec ba ruwansa da littafi, yana bin faifan ne lungu-lungu yana tsinto duk abin da ya yi kama da hoto ko takarda ko sauti. Sunayen asali za su ɓata, za ka samu tarin fayiloli masu lambobi ka zauna tantancewa, amma hakan ya fi babu. Abin da aka tsamo a ajiye shi a wani faifan dabam, ba a kan marar lafiyar ba.

Sai bayan an gama wannan ake zuwa ga chkdsk. Ana buɗe cmd da ikon mai gudanarwa a rubuta chkdsk E: /f. Sau da yawa cikin 'yan mintuna folda ta dawo. Amma masu gyara da yawa da shi suke farawa, kuma kuskure ne. Aikin chkdsk shi ne ya daidaita littafi, ba ya ceto kayanka ba. Abin da ya kasa gane mai shi yakan tara shi a wata ɓoyayyiyar folda mai suna FOUND.000, guntu-guntu. Kuma in faifai na mutuwa ne, wanda ake ƙara wa /r yana iya ƙarasa shi, domin sai ya bi kowane sashe ya karanta. In kaya sun fita lafiya, a lokacin ne ake yin "formater". Wanda ya riga ya danna shi ma kada ya fid da rai: "formater" na gaggawa littafi kawai yake sabuntawa, PhotoRec yakan samo da yawa daga filashi, amma cikakken nan mai daɗewa yana shafe komai tun daga Windows Vista.

Wani abu da ke rikita mutane: memorin da wayar Android ta mayar ma'ajiyarta ta ciki a kulle yake, wayar da ta kulle shi ce kaɗai ke karanta shi. Kwamfuta za ta ce a yi masa "formater" alhali lafiyarsa lau. A mayar da shi cikin wayar.

Sai kuma filashin jabu, wadda ta cika kasuwanni. An rubuta giga 64 a jiki, kwamfuta ma ta nuna 64, amma cikinta bai wuce 8 ba. Da farko lafiya, da ka wuce iyakarta ta gaskiya sai fayiloli su fara lalacewa, kuma babu manhajar da za ta dawo da abin da tun asali bai samu wurin zama ba. Manhajar H2testw, ita ma kyauta, tana cika sabuwar filashi ta sake karantawa ta faɗa maka girmanta na ainihi. A gwada tun ba a zuba komai ba.

In abin ya fi ƙarfinka har za ka kai wa mai gyara a Dogon Dutsi ko Doso, ka faɗa masa tun a bakin ƙofa: "Malam, kayan ciki nake so, ba filashin ba. Don Allah kada a yi formater sai an kwashe." Ka tafi da wata filashin mai kyau da za a zuba maka, kuma ka buɗe fayil biyu ko uku a gabansa kafin ka biya.