Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa mai zanen katun a kwamfuta zai iya cika fili da mahaya, irin na hawan Sallah a ƙofar fadar Lamiɗo a Yola, alhali doki ɗaya da mahayi ɗaya kacal ya ƙera?

Sirrin yana cikin ƙasusuwan da ake dasawa a jikin zanen. A manhajar Blender, wadda Ton Roosendaal na ƙasar Holan ya samar, aka kuma sake ta kyauta ga kowa a 2002, kowane ƙashi na da sunansa, kuma da wannan sunan fatar zanen ke gane wanda za ta bi. Shi ya sa kwafi ke son natsuwa. A zaɓi jiki da ƙasusuwansa tare kafin a danna Shift da D don yin kwafi. In jiki kawai aka ɗauka, sabon dokin zai ci gaba da bin ƙasusuwan tsohon. Haɗa mahayi da doki ya fi wuya. In aka narke ƙasusuwansu wuri guda, sunaye suka ci karo, manhajar za ta sauya wasu, sai hannun mahayin ya sandare. Gara a ɗaura ƙugun mahayin a ƙashin bayan dokin.

Da kwafi irin wannan Disney ta tara garken dabbobin da suka ruga a fim ɗin The Lion King na 1994.

Matasan Jimeta masu koyon wannan sana'a, ku riƙa bambanta lokacin da kowane doki ke ɗaga ƙafa, domin idon mai kallo yana saurin gano kwafi.