Lupus: Idan Garkuwar Jiki Ta Juya wa Mai Ita

Zazzaɓi ya tafi ya dawo, gaɓoɓi na ciwo, gashi na zuba, ga ƙuraje a kumatu da karan hanci waɗanda rana ke tayarwa. A sha maganin maleriya, a sha na taifot, shiru. Daga nan sai dangi su ce sammu ne ko iska. Wani lokaci kuwa lupus ce, kuma cikin masu ita goma, kusan tara mata ne, galibi a shekarun haihuwa.

A jikin kowa akwai wasu ƙwayoyin garkuwa masu aikin 'yan sintiri: su kama baƙo, su gutsuttsura shi, su ɗora guntunsa a kan wani sinadari mai suna HLA, su nuna wa sauran dakaru domin a kai farmaki. Irin HLA ɗin mutum gado ne, yana rubuce a DNA ɗinsa, kuma wasu nau'o'i kamar DR2 da DR3 sun fi kusantar da mai su ga wannan ciwo. Amma gadon shi kaɗai ba ya kwantar da kowa.

Kullum ƙwayoyin jiki na mutuwa, ana share gawarsu. Ga mai lupus sharar ba ta kammala. DNA ɗin da ya zube sai 'yan sintirin su haɗiye shi, su ɗauka na ƙwayar cuta ne, su gabatar da sunadaran da ke manne da shi a matsayin abokan gaba. Jiki ya shiga ƙera makamai a kan DNA ɗinsa. Tun 1957 masana suka gano waɗannan makamai a jinin majinyata. Curin da makaman ke yi da DNA ɗin yakan maƙale a ƙoda, kuma nan ne babban haɗarin, don ƙoda na lalacewa ba tare da zafi ba.

Saboda haka fitsari mai kumfa da kumburin ƙafa ba abin jira ba ne. A je asibiti, a nemi gwajin fitsari da na jini da ake kira ANA.

Lupus ba ta yaɗuwa, kuma ana shawo kanta. Jigon maganinta haidiroksikulorokwin ne, ɗan'uwan kulorokwin da muka sani, wanda ke rage wa 'yan sintirin nan zaƙewa. Mai shansa na buƙatar a riƙa duba masa ido. Sayen firedinisolon a kemis ba da izinin likita ba ganganci ne: ciwo zai lafa, amma hawan jini da ciwon suga na iya biyo baya. Mai son ɗaukar ciki kuma ta fara shawara da likitanta, a jira ciwon ya kwanta tukuna.