Wasan bidiyo: me ya sa wani «bos» ake haddace shi, wani kuma shi ke karanta ka?

Duk wanda ya saba kallon fim ɗin Indiya ya san bos: mugun da jarumi ke gamawa da shi a ƙarshe. A wasannin PlayStation da na salula da yaranmu ke bugawa a Dakoro ma akwai shi. Shi ne babban abokin gaba da ke tare hanya a ƙarshen mataki. Masu ƙera wasa suna gina shi ta hanya biyu.

Ta farko, a tsara masa komai tun daga kamfani. Yana da sara uku ko huɗu, kuma kafin kowanne akwai alama: ya ɗaga hannu, ko ya ja da baya. Haka Nintendo ya yi a wasan dambe na Punch-Out!! a 1987, inda Mike Tyson ne bos na ƙarshe. Dark Souls na 2011 ma a kan wannan tushe yake. Idan an kayar da kai sau goma, a na sha ɗaya ka gane lagonsa. Amfaninsa adalci ne, domin ka san inda ka yi kuskure. Aibinsa kuwa, da ka haddace shi, daɗin ya ragu.

Ta biyu, a ba shi damar canzawa gwargwadon wasanka, kamar ɗan kokawar da ya lura da ƙafar da kake fara sakawa. A Shadow of Mordor na 2014, sojan da ya kashe ka yana samun ƙarin girma, ya tuna da kai, ya yi maka gori idan kun sake haɗuwa. Kamfanin Warner Bros na Amurka ya samu rajistar mallakar wannan dabara a 2021. Resident Evil 4 na 2005 shi kuma yana sassautawa a ɓoye idan kana yawan mutuwa, ya tsananta idan hannunka ya faɗa. A nan da wuya karawa biyu su zo iri ɗaya, amma mai wasa ba ya iya tantance ko gwanintarsa ce ta ci ko na'ura ce ta tausaya masa.

Wannan bambanci ya shafi aljihu. Yaron da ke biyan kuɗin lokaci a gidan wasa, idan bos ɗinsa tsararre ne, kowane faɗuwa darasi ne ya saya. A wasannin salula da ake saukewa kyauta kuwa, sau da yawa bos mai taurin kai yana zuwa tare da tayin sayen makami ko ƙarin rai.

Don haka iyaye, idan yaro ya ce bos ya hana shi wucewa, ku tambaye shi: me ka koya a karawar baya? Idan yana da amsa, wasan yana koya masa lura da haƙuri. Idan amsarsa ita ce a ƙara masa kuɗi, lokacin ajiye salula ya yi.