Gaya: ƙasa uku a bakin ƙofa, ina za a kafa jari?

A yawancin garuruwan Nijar, wanda ya tara ɗan jari yana son ya kafa sana'a, tambayar da ke gabansa ita ce wace unguwa ko wace kasuwa. A Gaya kuwa, cikin jahar Dosso, tambayar ta fi haka nauyi: wace ƙasa? Kilomita kaɗan daga tsakiyar gari akwai gadar da ta ratsa kogin Kwara zuwa Malanbil ta ƙasar Benin. Ta gabas kuma hanya ta miƙe zuwa Kamba, a jahar Kebbi ta Nijeriya. Ɗan kabu-kabu na iya kai mutum bakin iyaka biyu ya dawo da shi gida kafin azahar. Ƙasa uku ke nan, kuɗi iri biyu, dokoki iri-iri.

Wannan zaɓi yana gaban matashin da ubangidansa ya sallame shi da jari, yana gaban ma'aikacin gwamnati da ya aje aiki ya karɓi haƙƙinsa, yana kuma gaban Alhajin da ke son buɗe mangaza ta biyu. Kuskure a nan ba ƙaramin abu ba ne, domin abin da aka tara cikin shekara ashirin yana iya narkewa cikin damina ɗaya.

Gari uku, kasuwa ɗaya

Fatauci ba baƙo ba ne a ƙasar Dandi. Tun kafin zuwan Turawa, ayarin Hausawa masu zuwa Gwanja sayen goro suna ƙetare kogi ta wannan yanki, madugai na gaba, jakuna na biye. Da mulkin mallaka ya ja iyakoki, sai yankin ya rabu tsakanin Faransa da Ingila. An gina gadar farko tsakanin Gaya da Malanbil a shekarar 1958, ita ce ta mayar da hanyar Kwatano babbar ƙofar Nijar zuwa teku. Kafin a rufe gadar a 2023, kaya kan sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su bi ta Paraku, su haura Malanbil, su shigo Gaya, daga nan su wuce Dosso da Yamai ko su karkata gabas zuwa Maraɗi.

A hankali kowane gari ya kama nasa fanni. Malanbil ta zama babbar kasuwar amfanin gona, inda masara da doya da garin rogo na kudu ke haɗuwa da albasa da wake na arewa. Gaya ta zama garin mangazu da ofishin duwan da masu fiton kaya, musamman dilolin gwanjo, wanda aka fi sani da bosho, da ake shigowa da su ta Kwatano a ajiye, sannan su tsallaka Nijeriya inda doka ta hana shigo da su. Kamba kuma ta yi suna da man fetur mai araha da kayan masana'antun Nijeriya.

Wani masanin labarin ƙasa ɗan Suwis, Olivier Walther, ya yi bincike a garuruwan nan uku, ya wallafa littafi a kansu a 2008. Daga cikin abin da ya gano, akasarin manyan 'yan kasuwar yankin ba haifaffun wurin ba ne: Hausawa ne da Zabarmawa da Inyamurai da suka zo saboda iyaka, kuma a shirye suke su tashi idan riba ta koma wani wuri. Ya kuma nuna yadda kasuwar Kamba ta ja baya a farkon shekarun 2000, har 'yan kasuwa da dama suka kwashe kayansu. Ma'ana, zaɓen ƙasa a nan tsohuwar sana'a ce, kuma akwai darasi a sawun waɗanda suka riga.

Abin da kowace ƙasa ke miƙo wa mai jari

Nijeriya tana da abin da sauran biyun ba su da shi: masu saye. Mutanenta sun haura miliyan 200, alhali Nijar da Benin a haɗe ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadi ba. Harajin da ake ɗorawa a kan sayen kaya, wato TVA, kashi 7.5 cikin 100 ne a can tun 2020, a Benin kashi 18, a Nijar kashi 19. Ana yi wa kamfani rijista a hukumar CAC, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya tak ya kafa ƙaramin kamfani. Sai dai aikin takardu da shari'a duk da Ingilishi ne, bisa tsarin da aka gada daga Ingila, wanda ɗan lakwal na Nijar bai saba da shi ba.

Benin tana da teku. Wanda ya kafa kamfaninsa can yana kusa da inda kwantena ke sauka, kuma tun 2020 ana iya yin rijistar kamfani ta intanet ba tare da zuwa Kwatano ba. Ga ɗan Nijar akwai ƙarin sauƙi biyu. Na farko, kuɗin ɗaya ne. Na biyu, dokar kasuwanci ɗaya ce, domin Nijar da Benin duka suna cikin yarjejeniyar OHADA da aka sa wa hannu a 1993, wadda Nijeriya ba ta ciki. Yarjejeniyar UEMOA ta 1994 ma ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar ya kafa sana'a a sauran ƙasashen.

Nijar kuwa gida ce. Nan mutum ya san alƙali, ya san sarki, ya san wanda zai tsaya masa idan magana ta tashi. Nan ake samun takardar rijistar kasuwanci da lambar haraji ta NIF, waɗanda sai da su ake neman kwangilar gwamnati ko bashin banki. Ƙasar Gaya kuma ita ce ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, kimanin milimita 800 a shekara, ga fadamun shinkafa da rake, ga giginya a Dallol Mauri, ga gishirin Fogha. Rauninta a bayyane yake: nisa daga teku, tsadar sufuri, da wutar lantarki da ake sayo wani ɓangarenta daga Nijeriya. Layin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso tsakanin 2014 da 2016 bai iso Gaya ba, na Benin kuma a Paraku ya tsaya.

Naira ko sefa

Kafin a yi maganar takardu, gogaggen ɗan kasuwa yakan fara da tambayar kuɗin da zai riƙe. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka daraja a farashin gwamnati. Daga 1986, da Nijeriya ta shiga shirin gyaran tattalin arziki, sai ta fara gangara. A watan Yunin 2023 aka sake ta ta nemi farashinta a kasuwa, kuma a 2024 dala ɗaya ta wuce naira 1,500, jika guda ta sefa tana kawo fiye da naira 2,000 a hannun 'yan canji. Wanda ya sayar da kaya bashi da naira, ya sayo su da sefa, ya san abin da wannan ke nufi: lissafi ya nuna riba, aljihu ya nuna asara.

Sefa ma ta taɓa girgiza. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka wayi gari an karya darajarta da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Masu bashin kaya daga Turai sun sha wuya, masu fitar da dabbobi da albasa kuma suka sami sarari. Amma tun daga 1999 tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957, ba ta motsa ba. Saboda haka faɗuwar naira tana da fuska biyu: tana sa kayan Nijeriya su yi araha ga mai sefa, tana kuma rage ƙarfin ɗan Nijeriya da ke zuwa sayen kaya a mangazun Gaya.

Ranar da aka rufe ƙofa

Babban haɗarin ba a kasuwa yake ba, a fadar shugabanni yake. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya ta kuma canza takardun kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Abin ya zo daidai da fari, har a ƙasar Hausa ta Nijar aka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El Buhari. A 2016 Nijeriya ta hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa, a farkon 2017 ta ƙara da motoci. A watan Agustan 2019 ta sake rufe iyakoki. An buɗe wasu a Disamban 2020, amma ƙofar Kamba sai a Afrilun 2022. A ranar 29 ga Mayun 2023 kuma shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, jimla ɗaya da ta rage ribar dubban masu jarkoki a tsawon iyaka.

Ana ganin hanyar Benin ita ce tabbatacciya, sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai. Kwana huɗu bayan haka CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Benin da Nijeriya suka rufe iyakokinsu, aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanbil, kaya suka lalace a cikinsu. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyakar Nijeriya ta buɗe a watan Maris, Benin ma ta buɗe nata ɓangaren, amma hukumomin Nijar suka bar gadar a rufe bisa dalilan tsaro, kuma haka shekarar 2025 ta same ta. Kayan Nijar suka koma bin tashar Lome ta hanyar Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada, da rakiyar soja. A Gaya, mutane da buhuna suka koma kwale-kwale kamar zamanin kakanni. Masu jirage da 'yan dako suka sami aiki, masu mangazu da masu fiton kaya da masu masauki suka ga ranar da ba su taɓa zato ba. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata, ko da yake Nijar ta ci gaba da zama cikin UEMOA.

Sana'a iri biyu

Idan aka dubi waɗannan shekaru arba'in, za a ga sana'o'in yankin sun kasu biyu. Akwai wadda ke rayuwa a kan bambancin doka: abin da aka hana can aka halatta nan, abin da gwamnati ta tallafa can ya yi tsada nan. Ribarta tana da yawa, tana kuma zuwa da sauri, amma ranta yana bakin alƙalamin wani mutum a Abuja ko Kwatano ko Yamai. Akwai kuma wadda ke rayuwa a kan bambancin ƙasa da yanayi: kudu na da masara da doya, arewa na da dabbobi da albasa da wake. Wannan ko an rufe gada sai ta nemi mashigi, domin ciki bai san takunkumi ba. Ita ma takan gamu da cikas, kamar yadda Benin da Nijar kowace ta taƙaita fitar da hatsi a 2024, amma ba ta mutuwa.

Don haka tambayar farko ga mai sabon jari ba ita ce ina haraji ya fi sauƙi ba. Tambayar ita ce: idan aka rufe iyaka shekara guda, wa zai sayi kayan? Mai injin casar shinkafa a Gaya yana da manoma a bayansa da masu ci a Dosso da Yamai. Mai shagon kayan gini a Malanbil yana da mutanen garin. Mai mangazar da duk cinikinta ya dogara ga tsallaken dare kuwa, ba shi da kowa sai sa'a. Tambaya ta biyu: da wane kuɗi za a saya, da wane za a sayar, kuma kwana nawa ke tsakani? Ta uku: idan rigima ta tashi, a gaban wace hukuma za a tsaya, kuma wa ya san mutum a can?

Dubarar manya

Tsofaffin 'yan kasuwar Dandi ba su cika zaɓen ƙasa ɗaya su juya wa sauran baya ba. Sukan kafa gida da takardu da mangaza a inda suke da gata, su aje ƙane ko yaro amintacce a tsallake, su riƙe mai masauki da ɗan canji a gari na uku. Ba su zuba dukkan jari a bulo da siminti a ƙasar da suke baƙi, domin kaya na tashi, gini ba ya tashi. Sukan kuma biya patanti da haƙƙin duwan a kan lokaci, saboda ranar tsanani mai takarda ne ke da bakin magana.

Ma'aikacin da ya saba da albashin ƙarshen wata shi ya fi bukatar ya kula da wannan. Sanin doka da iya Faransanci suna da amfani a ofis, amma ba su maye gurbin shekarun da ɗan kasuwa ya yi yana koyon wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. Gara ya fara da kaɗan, a ƙasar da ya sani, da hajar da maƙwabcinsa ke bukata, sannan ya miƙa hannu tsallake idan ƙafa ta kafu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. A Gaya, inda aka rufe ƙofa ta gabas a 1984 da 2019, aka rufe ta kudu a 2023, mai shirin kafa sana'a ya kamata ya lissafa ranar rufewa tun kafin ya biya kuɗin hayar shago.